Mon Bebe a Jikin Bango

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Inna, uwar mijina, koyon ordinater, wato kwamfuta, a Dogon Dutsi ba. Tun da maigida ya tafi Abijan Inna ta daina cin tuwon kirki, hira ma sai da awaki. Da muka ji wata ƙungiya na koya wa tsofaffi kiran da ake ganin fuska, na goya ɗana na ja ta muka tafi (ni da aka cire daga lakwal, makarantar boko, tun CE1, aji uku ke nan, ina ni ina ordinater?).

Mushe mai koyarwa ya haɗa na'urar da wata fitila mai haska komai a bango. Da layi ya zo kan Inna ya ce, "Inna, mi as sunan ɗan naki?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Ya juyo gare ni. Ni ma na sunkuyar da kai, wace mace za ta faɗi sunan miji gaban uwarsa?

"To, kawo wayarki mu ɗauki nimero."

Na miƙa, har ina jin na yi dabara. Ya jona ta da na'urar. Sai ga hoton maigida ya cika bango, gemu da komai, a ƙasa an rubuta MON BEBE da jar zuciya (ni na sa ƙanwata ta rubuta mini, don a tsammanina waya aljihu ce).

Wani tsoho ya ɗaga sanda. "Mushe, mi anka rubuta nan?"

Na roƙi Mushe da ido. Bawan Allah ya ce, "Wai jaririna."

"Jariri da gemu? To wanga na bayanta fa, kakanta ne?"

Innalillahi! Aji ya kece da dariya, wata tsohuwa har da guɗa. Na ce shi ke nan, yau Inna ta gama da ni.

Ba ta ko dube ni ba. Bangon take kallo, idonta ya cika da ruwa. Can ta ce, "Mushe, kira min Bebe ɗin."

Ashe ta samu sunan da ba ta jin nauyin faɗa. Yanzu kowace Juma'a sai ta ƙwala daga ɗakinta, maƙwabta na ji: "Ke, ki kira muna Bebe!"

Ni dai na koyi abu guda: kafin ki miƙa wa Mushe waya, fara tambaya ko bango ma zai gani.