Yadda Na Yi wa Furen Dakta Jana'iza

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da hancina ya ja mini abin kunya a Kalgo ba. Ni duba-gari ne, shekara ashirin ina bin kwatoci da masai, kuma a unguwarmu an san cewa ko ɓera ya mutu a silin, ni ake kira. Ina alfahari da wannan fiye da kima.

Maƙwabcina Dakta Bitrus, mutumin Zuru, malamin ilimin tsirrai ne. A bayan gidansa akwai rabin duro a ƙarƙashin rumfa, cikinsa wata ƙatuwar saiwa mai kama da gwaza da wani abokinsa ya kawo masa daga ƙasar waje. Shekara bakwai yana renonta don ya ga furenta. Kowace damina sai ta fid da ganye ɗaya tal, ya yi tsawon mutum, ya bushe. A wannan shekarar sai ta turo wani tsiro mai kauri, Dakta ya ce fure ne, saura mako guda ya buɗe.

Da zai kai ɗalibansa aikin daji Gwandu na kwana uku, iyalinsa kuma suna Zuru, sai ya ba ni makulli ya ce in riƙa ban ruwa. Ya yi mini bayani na rabin awa a kan furen. (Na gyaɗa kai sau da yawa. Abin da na riƙe shi ne bokiti ɗaya da safe.) Ni kuwa don nuna ƙwazo sai na riƙa zuba uku.

Rana ta biyu bayan la'asar wari ya rufe layinmu, irin na akuyar da ta kwana huɗu a kwata. Kafin in cire takalmi maƙwabta sun taru a ƙofata. Mai unguwa ya ce, "Malam, wanga aiki naka na. Ka tahi ka gano muna mushen ga."

Na yi abin da aka koya mana, wato bin ƙudaje. Na tuhumi masan gidaje biyu, na sa wani dattijo ya kwashe buhunan takinsa, duk a banza. A ƙarshe ƙudajen suka kai ni bayan gidan Dakta. Ga tsiron nan ya dare, ya baje kamar lema, cikinsa ja wur kamar hanta, tsakiyarsa wani dogon abu ya kai mini kafaɗa. Nan take na yanke hukunci cewa ruwana ne ya ruɓar da shi.

Mushe kuwa doka ɗaya gare shi a wurinmu. Na ɗauko adda na sare shi daga gindi, na haƙa rami a bayan katanga na binne, na kwarara izal, maganin kashe wari. Maƙwabta suka sa mini albarka suka watse.

Sannan na kira Dakta in yi masa ta'aziyya. Na fara a hankali: "Dakta, sai haƙuri. Abin nan naka ya soma wari kamar mushe."

"Kamar mushe? Ƙudaje sun zo?"

"Sun zo ƙwarai."

"Na gode Allah! Ya buɗe ke nan! Warin ne ke kiran ƙudajen, kwana biyu kaɗai yake yi. Kada kowa ya taɓa shi, gobe muna tafe!" Ya kashe waya.

Na san ya kamata in sake kira. Na dubi wayar, wayar ta dube ni, na saka ta aljihu.

Da hantsi sai ga bas daga Gwandu cike da ɗalibai, har da malamai biyu da mai ɗaukar hoto. Wasu sun ɗaura hankici a hanci tun daga mota. Dakta ya shige gaba da gudu, suka tarar da rabin duro da kututture.

"Wa ya yi wannan?" Dakta ya tambaya.

Kafin in buɗe baki mai unguwa ya dafa kafaɗata. "Ga shi nan, duba-garinmu. Shi ɗai yas sare shi, ko taimako bai nema ba."

Dakta ya ce in nuna masa kabarin. A gaban mutum talatin na tone abin da na binne jiya, ɗalibai suka ɗauki hotonsa a kwance yana ƙamshin izal, ni kuma ina gefe riƙe da shebur. (Hoton yana nan a wayoyinsu, na fito sosai.) Dakta ya tsuguna ya shafa saiwar da ke duro, ya ce da ranta, sai dai wata shekara bakwai. Saura shekara huɗu ya yi ritaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi, amma sai ya karɓi makullinsa ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam." Har yau idan na tuna sai in ji zufa.

Abin da na koya shi ne, idan kayan wani ya lalace a hannunka, ka kira mai shi kafin ka ɗauko adda. Dakta dai ya yafe mini, har ya yi alkawarin sanar da ni idan saiwar ta sake yin fure. Ya ce zai kira ni da zarar furen ya bushe.