Ranar da Na Ɓoye Farin Saƙi

Mahara ne suka ɗauke kakarmu a gona tun babanmu yana ɗan shekara bakwai, kuma har ya rasu bai daina jin kofaton doki a kunnensa ba. Ya rene mu a kan magana guda: in ka ji dawaki, ɓoye kaya, ka hau dutse.

Da na kafa rumfar sayar da farin saƙi a kasuwar Dutse, Turawa sun riga sun zo, hari ya mutu. Amma ni ina taƙama cewa duk kasuwar ba wanda ya kai ni shiri. Har ramin ɓuya na zaɓa, wani tsohon ramin marina a bayan rumfata, wanda na tabbatar wa kaina ya bushe.

Wata ranar kasuwa da hantsi na ji kofato daga hanyar Ringim. Ban tsaya dubawa ba. Na rungumi turmi goma sha biyu na zuba a ramin, na ruga kan duwatsu.

Da azahar na sauko. Baba Ilu marini yana tsaye bakin ramin da sanda a hannu.

"Ɗana, jiya na zuba baban rini a nan," in ji shi. "Masu dawakin nan fatake ne fa, farin saƙi suka zo nema."

Kayan sun fito dabbare-dabbare, ba fari ba, ba shuɗi ba. Jarina ke nan gaba ɗaya.

Yau shekara talatin, ko jaki ya gifta sai wani ya ɗaga murya: "Malam, a buɗe ramin?"