Dakta Ƙulli da Kwalaben Alewa

"Ni fa da ido nake gane magani," in ji mai kantin da ke jikin shagona, yana buga ƙirji. "Wancan mai kemis na tsallaken titi sai ya ɗaga kwali ya yi ta karatu kamar ɗan firamare. Ni kuwa ƙwaya ta gifta ta gabana, na san sunanta da na ubanta."

Abokina, bari in gabatar maka da shi. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba mu, saboda haka abin da zan ba ka ganau ne. Mutumin nan ɗan tireda ne: sukari, omo, gishiri, ashana, alewar yara. Cutarsa ɗaya, bai yarda a sayar da abu yadda ya fito daga kamfani ba. Buhun sukari ya shigo da safe, kafin azahar ya koma ƙulli-ƙulli a leda. Sabulu sai ya sha wuƙa. Ashana ma na taɓa ganin yana ƙulla ta tsinke-tsinke. Shi ya sa duk layinmu Ƙulli muke ce masa. Da ya fara ajiye maganin ciwon kai da na mura a kantin, sai ya liƙa wa kansa Dakta a gaba, babu wanda ya ba shi.

Matarsa ce ta fara tsorata. "Baban yara, an ce sai da lasisi ake sayar da magani, ko da na ciwon kai ne. In hukuma ta rufe kantin nan, me za mu ci?"

Gaskiyarta, don ban da kantin nan ba su da ko akuya. Ta matsa masa har ya je ofis ya nemi lasisin. Aka ce ya koma, za a turo jami'i ya duba wurin. In ya yi, a ba shi takarda. In bai yi ba, a garƙame kantin da kwaɗo.

Ƙulli ya dawo yana taku ɗai-ɗai. "Tela, za su zo ganin tsari. To za su ga tsarin da ko a asibiti babu."

Ya kawo mini wani tsohon farin labule na ɗinka masa rigar likita. Sannan ya zauna a kan benci ya zazzage duk magungunan da ya saro, ya shiga ɓalle su daga cikin takardunsu da babban yatsa, ɓas, ɓas, ɓas, tun safe har yatsan ya kumbura. Ya wanke kwalaben alewa, ya rarraba ƙwayoyin bisa kala.

"Ƙulli, me ke nan?"

"Dakta," ya gyara mini. "Ilimi ke nan. Fari na kai. Rawaya na ciki. Ja na jini. Kore kuwa na cutar da ba a gane ba."

"To kwalayen fa?"

"Kwali na wanda bai iya ba ne."

Ya tattara su cikin buhu, har da 'yan takardun bayanin da ke ciki, ya aika gida a hura gawayi. Kwalaben kuma ya jera su a teburin ƙofar kanti, inda rana ta fi dukan wurin, wai don su riƙa walƙiya su jawo ciniki.

Ranar dubawa ta zo. Muna jiran ƙaton mutum mai gashin baki, sai ga wata 'yar siririyar mata da tabarau da jaka, muryarta ƙasa-ƙasa. Ƙulli ya tare ta cikin labulensa.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa ƙaramin asibitinmu."

Ta tsaya a gaban teburin ta daɗe tana kallo. "Malam, ina magungunan?"

"Ga su kina kallo."

"A rana?"

"Rana ai tana kashe cuta, ranki ya daɗe. Nawa tun kafin a sha sun fara aiki."

Ta buɗe baki za ta yi magana ke nan, sai ga wata tsohuwa ta dogaro sanda, ta nuna jar kwalbar. "Ɗan nan, zuba mini alewar nan ja, ta jikokina."

Ƙulli ya yi wuf ya rufe kwalbar da hannu. "Iya, yau ba ciniki. Allah ya kai mu gobe."

Jami'ar ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Kanti irin nasa, in ya sami lasisi, 'yan magungunan yau da kullum kawai zai ajiye, ban da allura, ban da wanda sai likita ya rubuta. Kowanne a cikin kwalinsa a rufe, da sunansa da ranar lalacewarsa a jiki. A inuwa, nesa da abinci, inda hannun yaro ba zai kai ba.

"Duk wannan na masu koyo ne," in ji Ƙulli.

Ta sa cokali a farar kwalbar ta ɗebo ƙwaya biyu, ɗaya ƙatuwa, ɗaya 'yar mitsitsiya. "Wannan mece ce?"

"Ciwon kai."

"Wannan fa?"

"Ita ma. Babbar na babban ciwon kai, ƙaramar na ƙarami."

"Yaushe za su lalace?"

"Haba, ranki ya daɗe, sai ka ce tumatir?"

Na leƙo daga shagona ina yi masa alama ya yi shiru. Ina! Gogan naka ya ga mutane sun fara taruwa, kansa ya ƙara girma.

"Na ga kina shakka. Mai kaya shi ke fara ɗanɗana kayansa."

"Malam, kada ka..."

Kafin ta rufe baki ya watsa fararen nan biyu a maƙogwaro. Ya ƙara da rawaya, ya bi da ja, ya kora da ruwa, ya buɗe hannuwa yana juyi. "Jama'a, kun ga na faɗi?"

Bai faɗi ba, gaskiya. Jami'ar ta ce maza ya tafi a duba shi, ya ce likita ba ya zuwa wurin likita. Ta girgiza kai, ta shiga kwashe kwalaben tana sawa a kwali. Ta leƙa cikin kantin, ta ciro ledar allurai daga bayan buhun gishiri, nan fuskarta ta ɗaure. Ta daɗe tana bincike, shi kuma yana tsaye yana yi wa jama'a lacca a kan jini.

Ana cikin laccar ne idonsa ya fara lumshewa. Ya yi hamma har na hango dasashinsa. Sai cikinsa ya yi wani ƙugi da ni da ke bayan keken ɗinki na ji. Abokina, ka taɓa ganin mutumin da barci ke cewa kwanta, ciki na cewa ruga? Ƙafa ɗaya ta yi gaba, ɗaya ta lanƙwashe.

Ya juya zai faɗa kantin, don bayan gidan kantin ta ciki ake bi. Daidai lokacin jami'ar ta datse kwaɗo, ta manna takardar hukuma a ƙofar.

"Ranki ya daɗe... a buɗe... kaɗan..."

"Ba a fitar da kaya bayan an rufe."

"Wannan kayan... da kansa zai fito."

Ni shagona ba bayan gida. Wuri mafi kusa shi ne kemis ɗin tsallake. Ni da matarsa, wadda labari ya riga ya kai mata, muka ciccibe shi muka tsallaka titi, labulen na jan ƙasa. Mai kemis ya nuna mana ƙofar baya. Wallahi na tausaya wa matar nan. Tana tsaye tana hango kwaɗon da ke ƙofar kantinsu, idonta ya yi ja, baƙin ciki ya hana ta ko kuka.

Da Ƙulli ya fito, muka zaunar da shi a benci kamar jiƙaƙƙen tsumma. Mai kemis ya durƙusa a gabansa.

"Dakta, me ka sha?"

"Fari biyu... rawaya... ja."

"Sunayensu nake tambaya. Ko asibiti zan tura ka, kuma can za ka, abin da za su fara tambaya ke nan. Ina kwalayen?"

Ƙulli ya ɗaga ido da ƙyar ya dubi matarsa.

"Da su na dafa maka shayin safe," in ji ta.

Mai kemis ya miƙe yana tafa hannu. "To ni dai ban gane wannan cutar ba."

Matar ta gyara mayafinta, ta sunkuya daidai kunnen mijinta. "Baban yara, ka ji an ce ba a gane ba. In bi jami'ar in roƙo maka kore?"