Agogonku Ya Yi Tsallen Shekara Goma

Zuwa ga Mai girma Babban Darakta na Kamfanin Rumbun-Gobe, mai ajiye wa talakawa bayanansu a intanet, Allah ya ƙara maka girma, sauri kam kana da shi.

Bayan gaisuwa irin ta mai neman alfarma, ni ne Malam Jamaluddeen Ladan, mai koyar da ilimin kwamfuta a wata makarantar sakandare da ke Abena, nan Njamena. Duk ran Asabar nakan tara 'ya'yan Hausawanmu a zauren gidana, in koya musu rubuta manhaja, in haɗa musu da rubutun Hausa na boko, tunda a makaranta Faransanci da Larabci kawai suke gani. Bana muka gina ɗan shafinmu. Yaro zai rubuta wa kansa wasiƙa, shafin ya ɓoye ta, sai bayan shekara goma ya aiko masa ta waya. Muka ɗora shi a kan injinanku, domin tallanku ya ce a wurinku amana take kwana. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Makon jiya kun yi wa injinanku gyara, agogonku ya yi tsallen shekara goma cif, shafinmu ya ga lokaci ya cika, ya saki wasiƙun duka. Ina taya ku murna. A garin da ake jiran wuta, ake jiran ruwan famfo, ake jiran takardar haihuwa har yaro ya yi gemu, ku ne na farko da kuka kawo abu kafin lokacinsa. Wane malami ya koya muku wannan himma?

Na biyu. Wataƙila a ofishinku kowane jariri da wayarsa ake haihuwarsa. Mu a nan, waya ta maigida ce. Lambar iyayensu yaran suka sa, da niyyar canzawa idan sun girma. Iyayen nan kuwa 'yan kasuwa ne, suna karanta Larabci kamar ruwa, wasu suna taɓa Faransanci, amma Hausar boko ba su saba da ita ba. Don haka kowa ya ɗauki wayarsa ya nufi shagon Haladu tela, mutumin Maraɗi da ya iya karanta ta, a tsakiyar kasuwa. Ranka ya daɗe, Haladu mutumin kirki ne, sai dai Allah bai hore masa karatu a zuci ba. Da ƙarfi yake yi, yana maimaita inda ya yi masa daɗi.

Na uku. A haka kasuwa ta ji cewa ɗalibina Ilyasu yana fata nan da shekara goma yayansa ya yafe masa fasa fitilar babur. Yayan yana tsaye a wurin. Wata biyu ke nan yana zagin wani ɗan kilando, wato ɗan acaba, da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ita kuma ɗalibata Rahma, a wasiƙarta, ta tambayi kanta ko har yanzu tana zuba wa akuya kunun kakarta. Kakar ta aiko mini da saƙo cewa ita da akuyar duk sun gode.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai yarinya Khairat, 'yar Alhaji Abdulgani mai atamfa. Ita ta rubuta ɓangaren da ke lissafin kwanan wata, ta gwada shi har da shekarar da Fabrairu ke ƙara kwana, abin da ni kaina sai da na koma littafi. Ta rubuta wa kanta cewa tana fata ta zama injiniya, tana kuma fata Baba ya daina sayar da atamfar Sin da sunan Holan. Haladu ya karanta wannan sau biyu, masu ciniki suna tsaye. Alhaji ya same ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, boko na ba ka ita ko tonon silili? Kalas, ba ta ƙara zuwa." Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar ba ta yi gardama ba. Ta aiko ƙawarta ta ce mini, "A ce wa Malam ya yi haƙuri, lissafina ne bai yi ba." Ta ɗauka ita ta kunyata 'yan'uwanta, ta rantse ba za ta sake taɓa kwamfuta ba.

Na biyar. Na kai kuka ofishinku. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya duba allo, ya ce mini komai yana tafiya daidai, in je in kashe wayata in kunna. Na kashe, na kunna. Alhaji bai huce ba. Ko akwai wani maɓallin da na manta?

Ba na neman diyya, don ban san farashin fitilar babur da mutuncin mai atamfa ba. Alhaji kuwa ni da shi ne, zan bi shi da limami, zan bi shi da surukinsa, na san hanyar dattawanmu. Amma abin da ya shiga zuciyar yarinyar ba zai fita da bakina ba, domin ta san ina sonta, za ta ce lallashi ne. Layi ɗaya nake roƙo, a kan takardarku mai tambari, da sa hannunka mai albarka: "Khairat, lissafinki daidai ne, agogonmu ne ya ɓaci."

Na san furta irin wannan magana nauyi ne ga babban kamfani. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta ɗauki laifin da ba nata ba, ta nemi gafara tun ba a tambaye ta ba. Idan kuna buƙatar wanda zai nuna muku yadda ake yi, ajinmu a buɗe yake ran Asabar, akwai kujera ɗaya da babu kowa a kai.

Naka mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa a gaban injinanku,

Malam Jamaluddeen Ladan
Abena, Njamena