Rasuwar Kunkuru, Zoben Kaɗa Jitar Baba Hambali

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Nataniyel Gyang, direban motar kai marasa lafiya asibiti, mazaunin Parkchester a nan Bronx, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na Najeriya da na Gana da na Nijar, rasuwar Kunkuru. Ya cika ranar Lahadin da ta wuce da azahar, a cikin kofin shayi, a kicin ɗina. Ni kaɗai ne a kansa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, kuma na san ku ne kuka fi yawa, bari in gabatar da shi. Akwai jita irin wadda ake kwantarwa a cinya, wadda ake kira jitar Hawai. Hannun hagu yana jan sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, hannun dama yana kaɗawa. Yatsun dama kuwa ba sa zuwa aiki tsirara: ana sa musu zobba masu ɗan harshe, waɗanda masu shago ke kira fik. Biyu na ƙarfe ne, na manuni da na tsakiya. Na babban yatsa na roba ne, shi ne babba a gidan, shi ke riƙe da manyan tsirkiyoyi. Wannan shi ne Kunkuru, kuma launin jikinsa ne ya jawo masa sunan.

Na san wasu sun riga sun fara dariya. Ku yi abarku, ban hana ba. Amma ku daure ku karanta har ƙarshe, domin akwai zaman makoki, kuma masu zama nake nema.

Marigayi ya shigo gidanmu a shekarar 2010 ta hannun Baba Hambali, mutumin zangon Kumasi, wanda muke haya tare, kowa da ɗakinsa. Baba Hambali yana aiki a kantin sayar da kayan abincinmu na gida, amma a ƙuruciyarsa ya yi kiɗa a Gana har ya gaji, kuma jitar nan ce kaɗai ta biyo shi Amurka. Wata Asabar tsohon zobensa ya ɓata, ya tasa ni gaba muka hau jirgin ƙasa lamba shida zuwa Manhattan, wai in raka shi sayen sabo. Na ɗauka abin minti kaɗan ne. Ashe neman aure za mu.

Mai shagon ya juye mana akwati guda a kan tebur. Baba Hambali ya gyara tabarau ya shiga tantancewa. Na ƙarfe ya ture shi gefe, ya ce a babban yatsa ƙarfe surutu gare shi. Ya lanƙwasa wani siriri ya ajiye, ya ce wannan ba shi da ƙashi. Wani kuma harshensa ya yi tsawo, ya ce zai riƙa tuntuɓe a tsakanin tsirkiyoyi. Duk wanda ya yi masa, sai ya sa a yatsa ya yarfe hannu da ƙarfi, kamar wanda kunama ta harba. Biyu suka tashi sama, ɗaya ma sai da muka shiga ƙarƙashin tebur nemansa. Na nuna masa wani ja mai sheƙi na ce ai wannan ya yi kyau.

"Kai Nata, abin nan ba da ido ake sayensa ba," in ji shi. "In ka yarfe ya tashi, bar musu kayansu. In ka sa farcenka ya yi fari, shi ma bar musu. Ka nemi wanda ya kusa, sauran aikin a gida ne."

Wanda ya kusa ɗin shi ne Kunkuru. Sauran aikin kuwa ni aka ba. Aka ɗora ruwa ya yi zafi, ba tafasa ba, aka tsoma marigayin har ya yi laushi. Baba Hambali ya kafa gwiwar hannu a kan tebur ya miƙe babban yatsa. Na tsamo zoben da cokali, na naɗa masa, na haɗa hannuwana biyu na danne.

"Matsa, Nata, matsa! Tsorona kake ji?"

Na matsa har ya runtse ido, muka tsoma yatsan cikin ruwan sanyi da hannuwana a kai. Da muka cire, zoben ya ɗauki yatsan Baba Hambali kaf, har da ɗan karkacewar da ke gaɓarsa tun wata faɗuwa da ya yi a keke yana yaro.

Waɗanda suka yi mu'amala da marigayin, wato mu biyu, sun shaide shi da riƙon amana. Bai taɓa gudu daga bakin aiki ana tsakiyar waƙa ba. Bai taɓa ɗaga murya sama da ta 'yan'uwansa ba, ko da yake shi ke ɗauke da su. Maganarsa kaɗan ce, kuma kullum iri ɗaya: dum, dum-dum, dum. Kafin kowace kalma yana da wani ɗan ƙwas da yake yi idan harshensa ya taɓa tsirkiya, wanda sai ka zauna kusa za ka ji. Ni a kusa nake zama. Ranar Lahadi da yamma, in na dawo daga coci shi kuma kantinsu ya tashi da wuri, Baba Hambali kan kwantar da jitar a cinya, ya fara da waƙoƙinsu na Kumasi, ya zarce da waƙoƙin sujadarmu da ya tsinta daga bakina ina wanke kwanuka. Maƙwabcinmu na sama yakan buga bututun ɗumama ɗaki da cokali, mun kasa sanin ko yabo ne ko ƙorafi. A nan ya koya mini kiɗan, da zagi da haƙuri, zagin ya ɗan fi yawa.

Ba mu san addinin marigayin ba. Ya yi shekaru a yatsan Musulmi, ya ƙarasa a yatsan Kirista, bai taɓa nuna bambanci ba.

Marigayi ya zama maraya a hunturun 2014. Baba Hambali ya yanke jiki ya faɗi a kanti yana jera buhunan gari, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Jama'arsa sun yi masa duk abin da ya kamata, Allah ya saka musu. Aka yi masa sallah, aka kai shi makwancinsa a New Jersey, ina tsaye daga baya cikin kwat ɗina. Ana gamawa kowa ya duba agogo, domin wannan garin ba ya ba kowa hutun mutuwa. Mai tasi ya koma tasi, mai jinya ta koma jinya. Gaisuwa duk ta waya aka yi ta, aka aika Kumasi inda danginsa suke, kuma can ɗin ne wurinta. Ni ba ɗansa ba ne, ba ƙanensa ba, ba ma garinmu ɗaya ba. Mutum ɗaya ne ya tare ni a bakin mota, ya dafa kafaɗata, na buɗe baki zan amsa gaisuwa, sai ya ce, "Maigida, ɗakin nan nasa, ka sa wani ko tukuna? Akwai wani yaronmu yana nema." Ban ga laifinsa ba, yaron yana bukatar wurin kwana. Amma abin ya yi mini ciwo, kuma har yau bai daina ba. Na dawo gida na zauna a falo, ba tabarma, ba takalman mutane a bakin ƙofa.

'Yarsa Rafi'atu ce ta raba gado ta waya daga Kumasi. Ta ce, "Kawu, tufafin ka ba mabukata. Jitar kuma ka riƙe, nan ba mai taɓa ta." Haka Kunkuru ya dawo hannuna.

Sai dai Baba Hambali siririn yatsa gare shi, ni kuwa nawa na ɗan manomin dankali ne. Marigayi yana shiga da ƙyar, ya kama ni kamar ɗan sanda. Na yi bororo, bororon ya fashe, ya zama kanta. Na san akwai manya a shago, ban saya ba. In na sa shi ya matse ni a daidai wurin karkacewar nan, sai in ji kamar mai shi ne ya riƙe mini yatsa yana gyara mini kuskure. A wannan gidan babu wani abin da ke taɓa ni in ba shi ba. Shekara uku muna haka, ban sa kowa a ɗakin ba.

Game da jinyarsa ta ƙarshe, gaskiya ita ce marigayi lafiyarsa ƙalau, ni ne ba lafiya. A sanyin bana yatsana ya kumbura saboda ɗaure kekunan marasa lafiya a mota safe da yamma. Kunkuru ya ƙi shiga sam. Makonni jita tana jingine, gidan ya yi tsit, har na fara barin rediyo a kunne don in dawo in tarar da murya. Ranar Lahadi na dawo daga coci, inda muka gaisa a tsaitsaye kowa ya kama gabansa, sai na ce bari in ɗan buɗa shi kaɗan, ba da yawa ba, daidai yadda zai shiga.

Na manta cewa aikin na mutum biyu ne. Yatsan da za a naɗa wa yana hannun dama, saboda haka hannun hagu kaɗai ya rage mini, shi zai riƙe cokali, shi zai tsamo, shi zai naɗa, shi zai danne. Ruwan ma ya fi yadda aka koya mini zafi. Na tsamo shi ya suɓuce ya koma. Na sake, ya sake komawa. Ina kallo ta cikin ruwan ya fara buɗewa a hankali, a hankali, kamar hannun jariri in barci ya ɗauke shi. Kafin in juye kofin a kwanon wanke-wanke ya riga ya miƙe sambal, ba lanƙwasa, ba karkacewa, ba komai. Na yi ƙoƙarin naɗe shi bayan ya huce. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙas, ya rabu biyu.

Ba don robar nake kuka ba, irinta cike take a shago. Hotunan Baba Hambali ina da su, muryarsa ma akwai a tsohuwar wayata. Amma girman yatsansa da yadda ya karkace, wannan a jikin Kunkuru kaɗai ya rage a duniya, kuma ruwan zafi ya shafe shi a gabana.

Marigayi ya rasu ya bar ƙannensa biyu na ƙarfe, tagwaye, waɗanda tun ranar suke kwance cikin gwangwanin minti. Ya bar sandar ƙarfe, wadda dama can ba ta da fara'a. Ya bar jita mai tsirkiya shida, wadda ba ta san an yi rasuwar ba tukuna, domin na kasa buɗe jakarta in faɗa mata. Ya kuma bar ni.

Don kada a ce na yi sakaci da marayu, ranar Talata bayan aiki na koma shagon nan na Manhattan. Wata yarinya ce yanzu a teburin, mai kirki. Ta juye mini akwatin, na ture na ƙarfe, na lanƙwasa sirara, na sa na yarfe. Da ɗaya ya tashi sama na juya gefena zan yi dariya, sai na ga akwatin jita ne kawai a tsaye. Na zaɓi wanda ya kusa, fari, mai kauri, ba shi da suna tukuna. Yana nan cikin ledarsa a kan firji. Ba zan sake kusantar ruwan zafi ni kaɗai ba.

Za a yi jana'izar Kunkuru ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a gidana. A sauka a tashar Parkchester, a kira ni, zan sauko in taho da mutum, ko da mutum ɗaya ne. Za a binne shi cikin tukunyar barkonon da ke bakin taga. Ba za a wahalar da liman ko fasto ba, kowa ya yi addu'a irin tasa a zuci. Ba a neman gudummawa, ba a neman abinci, zan dafa gwate, wato fate irin namu, da shinkafa, na kuma ari kujeru daga coci. Mai fitowa daga aiki ya zo da kayan aikinsa a jiki. A zo da yara, ko da Turanci za su amsa mini, ina so in ji hayaniya a falon nan.

Bayan binnewa za a ɗora ruwa. Ana roƙon mutum ɗaya mai hannu biyu lafiyayyu, wanda ba ya tsoron matsawa, ya tsaya ya naɗa mini sabon. Ba sai ya iya kiɗa ba.

Wanda kuma ba shi da lokacin zama, ya hau ko da na tsawon shan ruwa ne. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shigo ya ba ni hannu, ya ce, "Nataniyel, ya haƙuri?" Ba sai ya faɗi haƙurin wa ba.