Canjin Hannu a Hanyar Beri

"Sannu, uwargida."

"Riƙe sannunka, ka kai wa mai so."

"Na ce sannu. Ba ki dai ji ciwo ba?"

"Bari in ƙirga ƙafafuna tukuna."

Hantsi ne, mako biyu da yin canjin hannu, wato da gwamnati ta ce daga ranar biyu ga Afrilun 1972 kowace mota ta bar hagu ta koma dama. Akori-kurar da Lukuman yake tuƙa wa Ndagi, wani ɗan kasuwa Banufe a Kontagora, tana tsaye cikin busasshiyar ciyawa a gefen hanyar Beri, saura kamu ɗaya hancinta ya daki wata kaɗanya. Kakarsa Kyauta, wadda ta haifi mahaifiyarsa, tana zaune a kan saiwar bishiyar, kallabi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya. Sunan ɗan da ƙanwarsa Saudatu ta haifa za su je. Suna cikin tafiya wata gingimari ta ɓullo daga kwana a hannunsu, ta taho musu gaba da gaba. Lukuman ya murɗe sitiyari ya faɗa daji, ita kuma ta wuce da madubin gefen da tsohuwar take zaune.

"Biyu ne," in ji Lukuman. "Na ƙirga miki. Da biyu kika fito daga gida."

"Haƙorana fa?"

"Huɗu. Su ma haka kika fito da su."

"Biyar ne, maƙaryaci. Je ka duba cikin motar."

"In na samu ɗaya a ciki, ba naki ba ne, na akuyar da na ɗauko jiya ne."

Kyauta ta gyara kallabi, ta dube shi daga sama har ƙasa. "Yau na gane nufinka, maigida. Tun da na aure ka ban ga zane ba, ban ga cefane ba, na haƙura. Ashe jira kake ka fito da ni daji ka kashe, ka auri mai jini a jika."

"Da kashe ki nake so, ai a gida zan yi, ba sai na ƙona man Ndagi ba."

"To me ya sa ka ba ni gefen mutuwa, kai ka ɗauki gefen ciyawa? Duk motar da ta taho, ni take fara gaisarwa. Wannan ta ƙarshe har numfashinta na ji a kunnena."

"Sitiyarin motar nan a dama yake tun daga inda aka ƙera ta. Gwamnati ta canza hannun hanya, ba ta canza mini sitiyari ba. Mai zama kusa da direba shi ya koma tsakiyar titi. Ki kai ƙara Sakkwato."

"Shi ya sa tun daga tasha kake damuna, leƙa mini uwargida, akwai mota a gaba? Ni da ba na gane akuyata sai ta yi kuka, ni ka mayar idonka."

"Kika kuwa ce babu komai, na fito, ashe jakuna shida ne da kayan dawa."

"Mota ka tambaya. Ka ce jaki?"

Lukuman ya sunkuya cikin mota ya ɗauko mata ɗaya takalmin daga ƙarƙashin kujera.

"Ajiye nan," ta ce. "Shekara saba'in ina yawo da ƙafata. Na je Auna cin kasuwa, na je Kaboji biki, ko tuntuɓe ban yi ba. Yau kwana ɗaya na shiga hannunku, na ga abin da ban taɓa gani ba. Wane irin mutane ne ku direbobi? Wancan da ya tsaya a tsakiyar gada, shi da ɗan'uwansa taga da taga suna hira, har yana miƙa masa goro?"

"Ba ni ba ne."

"Abokinka ne. Na ga ya ɗaga maka hannu."

"Ba gaisuwa ba ce. Cewa yake in wuce. Gadar da mota biyu suke bi da ƙyar, su biyu sun cika ta, yana cewa in wuce. Ta cikin rafi zan wuce?"

"Da ka wuce ɗin, ai da ka yi wanka. Rabonka da ruwa tun sallah."

"Wancan ma mai sauƙi ne. Kin ga na bayansa, mai jar motar nan? Ya fito da hannu ta taga, na ce kwana zai yi, na rage gudu. Ashe tokar sigari yake kakkaɓewa. Da ya tashi yin kwanar kuwa, ko yatsa bai fitar ba, sai gani na yi ya gitta a gabana."

"Na gan shi. Na ɗauka ɗan sarkin ƙasar ne, hanyar ta gidansu ce."

"Duwatsun da muka tarar a tsakiyar kwalta fa, kin san wa ya zuba su?"

"Na ce aljanu ne suka yi girki."

"Direba ne. Motarsa ta lalace, ya jera duwatsu da rassan itace don a gan shi. Ya gyara, ya tayar, ya yi gaba, ya bar wa na baya su ci. Akwai masu kashe inji a gangara don kada mota ta sha mai, burki kuwa sai an taka sau uku yake amsawa. Akwai masu tsere, biyu a jere a kan tudu, ba su san abin da ke tahowa ba. Akwai wanda na tarar rannan yana tuƙi ido rufe, na danna masa hon, ya farka yana zagina wai na firgita shi."

Kyauta ta riƙe haɓa. "Kuma duk kun sani, kuke ɗaukar 'ya'yan mutane."

"Ni ba na yi."

"Kowane ɓarawo haka yake faɗa a gaban alkali. Kai da su uwarku ɗaya, ubanku fetur."

Tana rufe baki sai ga wani mutum ya taho da sassarfa daga wajen kwanar, ƙato, riga duk baƙin mai, yana riƙe da madubin da ya cire. Direban gingimarin ne. Ya tsayar da ita can gaba, har yanzu a hannun hagu, buhunan dawa sun yi tsiri a kanta, a kan buhunan kuma mata ne da goyo suna leƙowa.

"Salamu alaikum. Sannunku, Inna. Sunana Ɗanjuma. Allah ya kiyaye." Ya juya wajen Lukuman yana miƙa masa madubin. "Amma ɗan'uwa, kai ma da ganganci. Yaya za ka shigo mini hannu a kan kwana?"

Lukuman ya tsaya yana kallonsa. "Ni na shigo maka hannu?"

"Ƙwarai. Ina hagu, ina hannuna."

"Ba ka ji an yi canjin hannu ba? Wata nawa rediyo tana faɗa?"

"Na ji mana. Ai wannan na cikin gari ne, inda 'yan sanda suke. In na shiga Kontagora dama nake bi, wallahi ban taɓa saɓawa ba. Amma nan daji ne. A daji kowa hannunsa na da yake bi."

Lukuman ya dubi kakarsa, ita ma ta dube shi.

"Tun yaushe kake haka?" ya tambaya a hankali.

"Tun ranar da aka fara. Kuma kullum sai na haɗu da irinku sabbin direbobi, ku taho wa mutum gaba da gaba. Kai ne na huɗu da ya faɗa ciyawa. Ban san inda kuke samun lasin ba. Yaro ƙarami, ba ka iya ba, ka ɗauko tsohuwa."

Kyauta ta miƙe. Ba ta nemi sanda ba, ba ta nemi a kama ta ba.

"Kai, zo nan. Wa ka ce bai iya ba?"

"Inna, ai ke ma na ji kina yi masa faɗa tun daga can."

"Ni mijina ne. Ni na yi masa wankan farko, ni na tauna masa abinci ya haɗiya. In na ga dama in zage shi daga nan har Beri, ba ruwan kowa. Kai a wa? Nuna mini hannun da kake cin tuwo da shi."

Ɗanjuma ya ɗaga hannun dama, yana 'yar dariyar jin kunya.

"In ka shiga daji, da ɗayan kake ci?"

"A'a, Inna."

"Alwala fa, in ba ɗan sanda a kusa, da hagu kake farawa?"

"Subhanallahi, a'a."

"To dubi can." Ta nuna matan da ke kan buhuna. "Goyo nawa ne a motarka?"

Ya waiwaya. Leɓensa ya motsa yana ƙirgawa. "Biyar."

"Biyar. Da yaron nan da ka ce bai iya ba ya yi jinkirin ƙiftawar ido, da yanzu ana jera mu da su a ƙarƙashin kaɗanyar nan, an lulluɓe da ganye. Mako biyu kana yawo da mutuwa a hanya, kana ganin laifin waɗanda suka kauce maka."

Dariyar ta bar fuskar Ɗanjuma. Ya dubi sawun taya inda ya bar kwalta ya keta ciyawa, ya bi shi da ido har gindin bishiyar.

"Da gaske har daji ne?" ya tambayi Lukuman, murya ƙasa-ƙasa.

"Har daji. Har gona, in akwai hanya. Ƙasar duka."

"Wallahi ban sani ba. Inna, ki yafe mini."

"Allah ya yafe mana. Je ka mayar da motarka dama ina kallo. Kuma duk direban da ka gani a tasha mai irin kanka, ka gaya masa."

Ya tafi da sauri. Suna tsaye suka ga gingimarin ta tashi, ta tsallaka ɗaya gefen a hankali, ta yi gaba kamar mai ɗauke da ƙwai.

"To, maigida, tayar mu tafi," in ji Kyauta. "Kada a raɗa wa yaro suna ba ni."

Lukuman ya shiga ya zauna, ya ɗauko makulli. Sau uku yana kai shi bakin ramin, yana zamewa. Ya ajiye shi a cinya, ya dubi hannunsa. Rawa yake yi har gwiwar hannu.

"Kaka," ya ce. Rabon da ya kira ta da wannan suna tun yana ƙarami. "Ba zan iya ba. Da na murɗe sitiyarin nan, ke na gani a gefen da gingimarin za ta daka. Da wani abu ya same ki, da wane baki zan gaya wa Innata? Mu jira wata motar ki bi. Ni in na koma gari zan mayar wa Ndagi makullinsa, in koma gona."

Tsohuwar ta zagaya, ta buɗe ƙofar da kanta, ta hau ta zauna a inda take ɗazu.

"Wata motar? Ta wa, ta mai goro a gada ko ta mai barci? Da gaske dai so kake ka rabu da ni."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma. Gona kuma? Kai da aka ba ka fartanya ka nome gyaɗar ka bar ciyawar? Kana so mu mutu da yunwa ke nan, tun da mota ta ƙi kashe mu."

Ya ɗan murmusa, amma hannun bai daina ba.

"Wannan rawar ma ba tsoro ba ne," ta ce. "Ganin da ka yi na tsaya maka a gaban ƙaton nan ne, so ya kama ka. Na saba. Kakanka ma haka ya yi ranar da ya fara ganina a kasuwa, har ya zubar da gishirin mutane."

"Shi tsoro ne ya kama shi. Ya gaya mini."

"Ƙarya kake, kana cikin zanen goyo ya rasu."

"Da ido ya gaya mini."

Ta yi dariya har da tari. Da ta lafa, sai ta kama wata munduwar tagulla da ke hannunta, ta murza, ta ciro ta da ƙyar.

"Kawo hannunka. Na dama."

"Me zan yi da munduwar mata? A tasha su gan ni da ita?"

"Ka ce matarka ta ba ka. Daga Bida aka kawo mini ita shekarar da na haifi uwarka, ban taɓa cire ta ba." Ta tura masa ita har ta wuce wuyan hannu, ta riƙe hannun cikin nata, ba ta saki ba sai da ya natsu. "Zan faɗa sau ɗaya, in ka maimaita a gidan suna in ce sharri ka yi mini. Ka iya tuƙi."

"Ban ji ba. Kunnen nan tun da gingimarin ta wuce yake ƙara."

"To ka yi asara."

Lukuman ya sa makulli, ya shiga a karo ɗaya. Motar ta tashi, ya ja da baya a hankali har tayoyin suka hau kwalta.

"Leƙa mini, uwargida. Akwai mota?"

Kyauta ta fitar da kai ta taga, ta ƙanƙance ido, ta duba gabas ta duba yamma.

"Babu mota," ta ce. "Jaki kuwa, guda ɗaya ne, kuma shi ke riƙe da sitiyari."