Gishiri a Kwandon Gora

"Wa alaikumus salam. Wace ce wannan mai murya kamar hon ɗin babur?"

"Ni ce, Mbah. Na zo duba ko kana nan da rai."

"Kin makara. Na mutu tun ranar Talata, an binne ni a gindin ayaba."

Ina jin su ta kan katanga ina juya ayaba a cikin mai. Ni ce Sumiati mai suya a lungunmu na Malang. Katangar da ke tsakanina da Mbah Matrawi, wato Kaka Matrawi, iyakarta ƙirjina, don haka duk abin da aka faɗa a gidansa da ni aka faɗa. Mai sallamar jikarsa ce Holifah, da ke aiki a kamfanin takalma a Surabaya. Rabonta da gidan tun ranar addu'ar arba'in ɗin kakarta Hosniyah, wadda take kira Nyai, sati uku ke nan.

Maganar mutuwar kuwa ba duka ce ƙarya ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da ciwon gwiwa ya raba tsohon da gonar gishirinsa a Sumenep ta tsibirin Madura, shi da matarsa suka biyo ɗansu nan cikin duwatsu, ɗan kuma ya wuce Malesiya ya bar musu Holifah. Marigayiya ta taho da kelomang biyu ƙulle a bakin zaninta, ƙaguwar nan mai aron gida, mai shiga katantanwar da ba tata ba. Ta sa su a akwatin gilashi da yashi da kwano biyu, ɗaya ruwan daɗi, ɗaya ruwan gishiri. Babban ta sa masa Matrawi, wai don ya iya mintsini kuma ba ya son baƙi. Tsohon ya rama, ya sa wa ƙaramar Hosniyah, wai kullum gida ya yi mata kaɗan. Matrawin ne ya mutu ranar Talata.

Holifah ko jakarta ba ta sauke ba ta wuce wurin akwatin a baranda. Ƙaguwa Hosniyah na kwance a kusurwa, rabin jikinta waje, ƙafafun sun saki, launinta ya koɗe kamar toka.

"Tun yaushe take haka?"

"Takaba take yi. Ki ƙyale baiwar Allah."

"Takabar me, ita da ta huta da mai mintsini? Mbah, yaushe rabon ta da abinci?"

"Kwana huɗu. Na ba ta kwakwa ta ƙi, na ba ta busasshen kifi ta ƙi. Na ba ta ayabar Sumiati ma ta ƙi, amma nan kam ban ga laifinta ba."

Na ce ta kan katanga, "Kai da kake cinye biyar kafin hantsi?"

"Taimako nake yi, kar ki kwana da kwantai."

Holifah ba ta yi dariya ba. Ta tsoma ɗan yatsa a kwanon ruwan gishirin ta ɗanɗana.

"Ina gishirin da na kawo maka ranar arba'in?"

"Yana makaranta."

"Wace makaranta kuma?"

"Na sa shi ya koyi zama gishiri. Ga shi can."

Ya nuna bakin rufin kicin da sandarsa. Kwandon gora ne rataye da igiya, iskar damina na kaɗa shi. A ƙasansa an ajiye tsohon kwano, ruwa na ɗiga ciki ɗis, ɗis. Abin da ke cikin kwandon ya dunƙule ya zama dutse. Ni kaina sati uku ina kallon kwandon nan, na ɗauka wani sabon tsafi ne na mutanen Madura.

Holifah ta dafe kai. "Mbah, me ka yi?"

"Gyara na yi. Kina tafiya na buɗe ledar na sa a harshe. Ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Ɗanyen gishiri suka sayar miki, 'yar birni, wanda aka kwashe jiya. A Sumenep ko makaho ba zai karɓi wannan ba. Irinsa kwando ake zuba shi a rataye, ya sha iska ya zubar da ruwan ɗacin, sannan ya zama abin kirki. Ɗanɗana yanzu ki ji, har ya fara hankali."

"Ɗacin nan shi na sayo."

"Ai na ga alama. Har godiya kika yi musu."

"Ba na miya ba ne, tsoho. Haɗi ne aka yi don ya zama ruwan teku. Mai shagon ya ce teku ba gishiri kaɗai ba ce, abin da suke gina sabon ɓawo da shi in za su yi saɓa yana cikin ɗacin. An ma rubuta a jikin ledar, a ɗaure baki, kar danshi ya shiga. Kai kuma ka rataye shi a tsakiyar damina. Ka tace tekun ta zube a kwano, ka bar musu dutse."

"Mai shagon nan ya taɓa ganin teku?"

"Ya taɓa."

"A talabijin. Ni shekara arba'in ina tsaye cikinta. Kin ga ƙafafun nan? In na taka tafasasshen ruwa miya yake zama."

"Shi ya sa ba wanda ke cin abinci kusa da kai."

"Ke da hancinki ya saba da warin gam ɗin takalma, har kin san wari? Lokacin da aka haife ki, ni na sa miki ƙwayar gishiri a baki don ki yi wayo. Ashe tofarwa kika yi."

"Na tofar ne don na ji hannun da ya ba ni."

Haka suke tun tana goyo, in ba su yi ba sai a tambayi ko lafiya. Amma ranar kowa maganar yake yi idonsa na kan akwatin.

Holifah ta sassauta murya. "Mbah, wanda ke kwandon nan ya lalace. Naka na buhu kuma ba zai yi mata ba. In ka ci gaba da ba ta, ita ma gindin ayabar za ta."

Tsohon ya gyara zama, ya buga sandar a ƙasa.

"To gaya min, malama. Wa ya raya su shekara goma sha ɗaya? Duk Juma'a kafin in tafi masallaci, da hannun nan nake ɗebo cikin tafi ɗaya daga buhun da ake aiko min daga gonata, in miƙa wa kakarki. Juma'a ɗaya ban taɓa fashi ba. Da gishirina suka yi saɓa, da shi suka sake gida sau ba adadi. Mai shagonki yana ina a lokacin?"

Holifah ta juyo ta kalle ni ta kan katangar. Ni kuwa sai na tsinci kaina ina ta juya ayabar da ta riga ta ƙone.

Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar jan kujera. Ta fito rungume da babbar kwalba mai faɗin baki, irin mai murfin gilashi da zoben roba, an naɗe ta da tsohon ɗankwali.

"Mayar da wannan," in ji tsohon, ya kau da kai. "Maganin mata ne na kakarki."

"Ka taɓa buɗewa?"

"Ni? Allah ya kiyaye."

"Ta san ba za ka buɗe ba."

Ta ɓalle murfin. Farin gari ne ya kai rabin kwalbar, da ƙaramin cokali a tsaye a ciki. Wata biyu ba wanda ya taɓa shi, ruwan sama kullum, amma da ta ɗebo sai ya zubo shar kamar yashin rani.

"Ɗanɗana, Mbah."

Ya daɗe yana kallon cokalin. Sannan ya lashi yatsa ya dangwala ya kai baki. Na ga fuskarsa ta motsa.

"Da ɗaci," ya ce a hankali.

"Tun ina sakandare nake sayo wa Nyai shi. Watan farko da kuka zo ta gwada naka, suka fara yin yadda wannan take yi yanzu. Ta je ta tambaya aka gaya mata. Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Shi ya sa ranar arba'in na kawo sabuwar leda kamar dabarata ce."

"To nawa fa? Na Juma'a?"

Na ga dai ba mafita, na ce, "Mbah, kana fita masallaci take miƙo min ta nan. Cikin ƙullin ayabata yake shiga. Shekara goma sha ɗaya lungun nan kaf gishirinka suke ci."

"Ashe shi ya sa take ciyuwa."

Ya faɗa ne don a yi dariya, amma muryar ba ta kai ƙarshe ba. Ya sa hannu ya shafa ɗankwalin da ke jikin kwalbar, ya ja shi ya ɗora a cinyarsa.

"Me ya hana ta gaya min? Macen da ko tari na yi ba daidai ba sai ta faɗa."

"Ta ce an raba ka da gonarka, an raba ka da teku, ka zo garin da ba mai tambayarka komai. Ta ce a bar maka Juma'ar."

Ruwan kwandon na ta ɗiga a kwano. Tsohon ya dubi gindin ayabar, inda ƙasar take sabuwar tonawa.

"Ashe da hannuna na kashe takwarana."

"Da nawa hannun a ciki, Mbah. Da na faɗa maka tun ranar."

"Ke rantsuwa kika riƙe. Ni girman kai na riƙe." Ya share hanci da bayan hannu. "Tashi mana, kin tsaya kina kallona kamar na ci miki abinci. Kawo ruwan da ya kwana."

Ta kawo ruwa a gorar roba. A jikin gorar akwai zane da marigayiya ta yi da wuƙa, iyakar inda ruwa zai tsaya. Holifah ta auna cokali, ta zuba, ta girgiza har ya narke. Za ta juye a kwano ya riƙe hannunta.

"Ba ni nan." Ya kurɓa, ya juya a baki, ya rufe ido. "Ƙara kaɗan."

"Ma'aunin Nyai ne fa."

"Kakarki rowa gare ta, ko shayi haka take yi. Bakin cokali kawai. Tekunmu ta fi haka nauyi."

"In ta mutu kai ne."

"Na riga na kashe ɗaya, na san hanya. Zuba."

Ta ƙara ɗan mitsitsi. Ya sake kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba bai tofar ba. Da ya buɗe ido sun cika da ruwa.

"Ita ce," ya ce. "Haka take a bayan gidanmu in rana ta ɗaga."

Suka wanke kwanon, suka zuba, suka matso da shi kusa da ƙaguwar. Daga nan sai zaman jira. Na sauke kaskona na zagayo na zauna a dokin ƙofa, masu sayen ayaba suka zo suka koma.

Ana gab da kiran azahar siraran ƙahonnin Hosniyah suka motsa. Ta ja ƙafa ɗaya, ta huta. Ta ja katantanwar kamar mai jan buhu, ta huta. Tsawon tafin hannu ne tsakaninta da kwanon, amma sai da ta tsaya sau uku. Ta kama bakin kwanon, ta zame, ta sake kamawa, ta faɗa ciki ta zauna.

Tsohon ya saki wata dariya mai haɗe da tari.

"Kin gan ta ko? Kwana huɗu ina roƙonta ta ƙi. An kawo na shago ta taso. Halin nan dai ba ta bar shi ba."

"Ka yarda na ci ka?"

"Ke kika ci ni? Ku uku kuka taru, ɗaya ma tana kabari. Na yarda kakarki ta ci ni. Ke 'yar aike ce."

"'Yar aiken ce za ta sauke kwandon nan."

"Sauke. Ki rufe kwalbar da kyau, ki duba robar ta zauna. Ki mayar da ita inda take, kar ki canza mata wuri."

Ɗankwalin dai bai mayar ba.

Da yamma Hosniyah ta ɗan taɓa kwakwa. Holifah ta koma Surabaya washegari, bayan ta sa shi ya auna cokalin a gabanta sau uku, yana yi yana ce mata shugabar makaranta.

Ranar Juma'a ina haɗa ƙulli na ji sanda na ƙwanƙwasa katanga. Mbah Matrawi ne cikin farar riga da hular masallaci, hannunsa a dunƙule.

"Kawo kwanonki."

Na miƙa. Ya buɗe tafin, gishirin Sumenep ya zubo, manyan ƙwayoyi farare tas.

"Na Hosniyah ne," ya ce. "Kar ki gaya min inda ya tafi."